DA'IRA, ALWATIKA DA MURABBA'I: TARIHIN YAREN DA GEM KE YI WA YARANMU MAGANA DA SHI



Tunda aka shiga hutun makaranta ƙorafin iyaye ya dawo sabo a dandalin nan: yaro ya maƙale wa waya, a kira shi cin abinci bai ji ba, a aike shi ya tsaya a zaure yana danne-danne. Wasu na cewa a ƙwace wayoyin kawai, wasu na cewa zamani riga ne. Amma akwai tambayar da ya kamata mu yi kafin yanke hukunci. Yaron da bai gama firamare ba, Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, ya aka yi ya buɗe gem ɗin da aka ƙera a Japan ko Koriya, cikin minti biyar ya san inda zai bi, abin da zai ɗauka da abin da zai guje wa, alhali ba wanda ya koya masa?

Amsar ita ce gem ɗin magana yake yi masa, da siffofi. Da'ira na da abin da take cewa, tsini na da nasa, akwati rufaffe ma haka. Yaren nan ya haura shekara sittin ana gina shi, kuma wanda ya san tarihinsa zai fi gane abin da ke riƙe yaronsa, da kuma inda haɗarin yake.

TALAUCI NE YA HAIFI YAREN

A 1958 wani masanin kimiyya a Amurka, William Higinbotham, ya haɗa wasan tanis a kan wata na'urar awon lantarki don nishaɗantar da baƙin da ke ziyartar ɗakin bincike na Brookhaven. Abin da ke kan allon duka-duka layi ne a kwance, wani gajere a tsaye, sai ɗigon haske mai tsalle. Mutane suka ga fili da raga da ƙwallo, suka yi layi suna jira.

A 1962 Steve Russell da abokansa a jami'ar MIT suka yi Spacewar!, jirage biyu na harbin juna a sararin samaniya. Allon ba shi da launi, to ta yaya kowa zai gane jirginsa? Sai aka yi ɗaya siriri kamar allura, ɗayan mai faɗi kamar bakin gatari. Aikin farko da siffa ta yi a gem ke nan: wannan kai ne, wancan abokin karawarka ne.

A 1971 Nolan Bushnell ya fito da Computer Space don wuraren shaƙatawa, amma bai yi kasuwar da aka zata ba, saboda sai mutum ya karanta bayani ya koyi maɓallai. Shekara ɗaya bayan haka kamfaninsa na Atari ya fito da Pong, wanda injiniya Allan Alcorn ya haɗa: sanda biyu da ƙwallo ɗaya. Ƙwallon ma mai kusurwa huɗu ce, don na'urar ba ta kai zana da'ira ba. Aka ajiye na gwaji a wata mashaya a Kalifoniya. Ba a jima ba mai wurin ya kira wai na'ura ta lalace. Da aka buɗe, ashe akwatin kuɗin ne ya cika maƙil da sulalla. Daga nan masu sana'ar suka ɗauki darasin da har gobe suke aiki da shi: abin da ido ya gane da kansa ya fi abin da aka rubuta saurin kawo kuɗi.

Don a gane irin talaucin da ake magana, na'urar Atari 2600 ta gida ƙwaƙwalwar aikinta baiti 128 ce. Cikakken saƙon tes ɗaya na wayar yanzu ba zai shiga ciki ba. A gem ɗin Adventure da Warren Robinett ya yi wa wannan na'ura, jarumin da ke yaƙar dodanni ɗan murabba'i ne kawai, ba kai ba ƙafa. Duk da haka in dodo ya haɗiye shi, mai wasa cewa yake “an cinye ni”.

ME YA SA ABIN YA YI AIKI?

Masana halayyar ɗan Adam sun riga masu gem gano sirrin. A 1944 Fritz Heider da Marianne Simmel sun nuna wa ɗalibai wani gajeren fim, babu komai ciki sai babbar alwatika, ƙaramar alwatika da da'ira suna motsi a kusa da wani zanen ɗaki. Aka ce su faɗi abin da suka gani. Kusan dukkansu labari suka bayar: ga azzalumi, ga wanda ake zalunta, ga mai gudun ɓuya. Zuciyar mutum ba ta barin siffa mai motsi haka nan, sai ta ba ta niyya da hali.

Kafin nan, a 1929, Bajamushe Wolfgang Köhler ya nuna cewa in ka ba mutane zane biyu, ɗaya mai tsini-tsini ɗaya dunƙulalle, ka ba su sunaye biyu na ƙirƙira, yawancinsu suna mai kaushin furuci suke liƙa wa mai tsinin. A 2001 Ramachandran da Hubbard suka sake gwajin da sunayen “kiki” da “bouba”, aka sami abu ɗaya. Mu ma mu gwada da Hausa: tsakanin “tsiriri” da “ɓulɓul”, wanne ne ba za ka so ka taka da ƙafa ba takalmi ba? Yaron da ya taɓa taka ƙaya ba ya buƙatar darasi a kan tsini.

JAPAN TA MAYAR DA SHI ILIMI

A 1980 Toru Iwatani na kamfanin Namco ya ga gidajen gem sun cika da wasannin harbi, mata ba sa shiga. Sai ya yi Pac-Man, da'ira rawaya mai baki. Ya ce fiza da aka cire wa yanki ɗaya ce ta ba shi tunanin, da kuma harafin Japananci na “baki”, wanda murabba'i ne, shi kuma ya dunƙule shi. Da'ira ba ta tsorata kowa. Shi ya sa daga baya Kirby na 1992 ya zama ɗan ƙwallo mai ruwan hoda, kuma shi ya sa kuɗi da zobba da duk abin da ake so ka ɗauka a gem yawanci zagayayyu ne.

Shi kansa Mario talauci ne ya yi masa kama. Da Shigeru Miyamoto ya zana shi a Donkey Kong na 1981, ɗigon da ke akwai ba su isa a fitar da baki ba, sai ya sa masa gashin baki. Gashin kai zai yi wuyar motsawa, sai hula. Don a ga hannu na motsi, sai aka sa masa riga da wando masu launi daban.

Amma inda ya kamata mu tsaya shi ne matakin farko na Super Mario Bros. na 1985, domin har yau ana koyar da shi a makarantun ƙera gem. Mario na tsaye a gefen hagu yana kallon dama, gabansa fili fetal. Ba a rubuta “tafi dama” ba, filin ne ya kira ka. Kana tafiya sai ga wata halitta mai haɗe da gira tana nufo ka. In ka tsaya ta taɓa ka, ka mutu, amma ba ka yi asarar komai ba tunda yanzu ka fara, ka dai koyi tsalle. A sama ga tubala a jere, wasu na ƙyalli da alamar tambaya. Ka buga ɗaya da ka, sai naman kaza ya fito yana tafiya. To yanzu ka koyi cewa abu mai tafiya kisa yake, don haka za ka so gudu. Miyamoto ya san da haka. Sai ya ajiye koren bututu a gaba, naman kazan ya bugi bututun ya dawo kanka, tubalan da ke sama kuma sun rage maka wurin tsalle. Dole ya taɓa ka. Yana taɓa ka sai ka ƙara girma. Cikin ƙasa da minti ɗaya an koya maka tafiya da tsalle da bambancin maƙiyi da masoyi, ba harafi ɗaya na bayani. Can gaba in ka haɗu da halitta mai ƙayoyi a baya, ba sai an ce maka kar ka dira a kanta ba.

A can Mosko kuma, a tsakiyar shekarun 1980, Alexey Pajitnov na aiki a cibiyar kwamfuta ta Kwalejin Kimiyyar Tarayyar Sobiyet, kan wata na'ura mai suna Electronika 60 wadda ba ta iya zane sam, sai haruffa. Da alamomin baka na rubutu ya haɗa tubalan Tetris: siffa bakwai, kowace da murabba'i huɗu. Babu jarumi, babu labari. Giɓi ne kawai ke kiran abin da zai cike shi. Duk wanda ya riƙe ɗan birik gem mai batir a shekarun 1990 ya san yadda rai ke tashi in an bar dogon rami ana jiran doguwar sandar nan ta ƙi zuwa. Macijin Nokia 3310 ma ɗan gidan ne: layi da ɗigo, amma ya cinye wa mutane dare.

ZAMANIN ALWATIKA

Da aka shiga shekarun 1990 gem ya sami zurfi, ana shiga ciki ana juyawa. Kusan duk abin da ka gani a irin wannan gem, mutum ne ko mota ko dutse, da ƙananan alwatika aka ɗinka shi. Dalilin lissafi ne: ɗigo uku kullum suna zama a shimfiɗe ɗaya. Kujera mai ƙafa huɗu takan yi ɗingishi a ƙasa marar daidai, amma tukunya a kan duwatsun murhu uku ba ta rawa. A Virtua Fighter na Sega a 1993 ƙananan siffofin ba su da yawa, 'yan damben kamar an haɗa su da kwali. Yau fuska ɗaya na cin dubbai, har ba a ganin ɗinkin.

A Disambar 1994 Sony ta fito da PlayStation, kuma kowa da ya taɓa shiga gidan gem ya san alamomi huɗun da ke kan hannunta. Mai zanen, Teiyu Goto, ya bayyana nufinsa: alwatika na nufin kan mutum ko inda yake kallo, murabba'i takarda ce ta jerin zaɓi, da'ira “i”, gicciyen X kuma “a'a”. A Japan haka ake yi tun a makaranta, malami da'ira yake zagaya wa amsar da ta yi daidai. Amma da na'urar ta isa Amurka da Turai sai aka juya, X ya zama na amincewa, da'ira ta zama ta komawa baya. Haka aka yi ta tafiya gida biyu shekara ashirin da shida, sai a 2020 da PlayStation 5 ta fito Sony ta mayar da X na amincewa har a Japan, 'yan ƙasar da yawa suka yi ta gunaguni. Wannan ya nuna yaren kashi biyu ne. Tsoron tsini kusan kowa na da shi. Ma'anar X kuwa sabo ne, kuma kamfani na iya sauya ta da sanarwa ɗaya.

YADDA FILI KE JAN MUTUM

Da duniyar gem ta yi faɗi sai sabuwar matsala ta taso: ya za a hana mutum ɓata ba tare da an ja shi da igiya ba? Sai aka ari dabarar Walt Disney, wanda ya dasa doguwar fada a tsakiyar Disneyland a 1955 don ƙafar baƙo ta bi idonsa. A Half-Life 2 na 2004 akwai wata doguwar hasumiya da kake hangowa tun farkon wasa, kuma can za ka ƙare. A Journey na 2012 dutse ne mai haske a ƙololuwa, gem ɗin babu magana ko ɗaya, amma kowa ya san can aka nufa. Mutanen cikin birnin Kano sun san wannan tun kafin kwamfuta, wanda lungu ya rikita shi Dala yake nema da ido.

Nintendo ta kai abin ƙarshe a The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017. A wani taron masu ƙera gem a Japan a shekarar, ma'aikatanta sun bayyana cewa da alwatika suka shimfiɗa ƙasar. Manyan duwatsu alama ce ta nesa. Matsakaita aikinsu tare ido: in ka iso gindin tudu dole ka zaɓa, ka hau ko ka zagaya, kuma ko wanne ka yi abin da ke baya a hankali yake bayyana, sai ka ce bari in ɗan leƙa. Kana isa sai wani tudun ya ɓoye wani abin. Ƙananan kuma sauya maka saurin tafiya suke. Mai wasa na ji a ransa shi ke yawonsa yadda ya so, alhali an auna kowane tudu. In yaro ya ce maka “saura kaɗan” sau biyar, ba lallai ƙarya yake ba. An gina wurin ne yadda kullum saura kaɗan.

Tsofaffin 'yan gem har karatun gini suke yi. In ka shiga fili ka ga gajerun katangu daidai ƙugu a warwatse, kamar a Gears of War na 2006, ka san harbi na tafe. In ka fito daga matsattsen lungu ka faɗa babban zagayayyen fili, ka shirya, babban dodo ne. Murabba'i kuwa cewa yake “ɗora ni”. A kansa Markus Persson ɗan Suwidin ya gina Minecraft a 2009, duniyar da komai tubali ne mai girma ɗaya. Microsoft ta saye shi dala biliyan 2.5 a 2014, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300.

Sai wanda yaranmu suka fi sani. A PUBG na 2017, wanda Brendan Greene ɗan Ayalan ya jagoranta tare da wani kamfanin Koriya ta Kudu, mutum ɗari ake zubawa a tsibiri. Da an bar su haka, kowa zai sami ɗaki ya laɓe. Sai aka zana da'ira a taswira tana tsukewa, wanda ke waje jininsa na zuba. Free Fire na kamfanin Garena, mai mutum hamsin, haka yake yi. Da'ira ba ta da lungu, kamar dai filin dambe in 'yan kallo sun zagaye. Ita ce alƙali, ita ce agogo. Shi ya sa in ka kira yaro yana tsakiyar wasa yake cewa ba a tsayarwa. Gaskiya ya faɗa, da'irar ba ta jiran kowa.

INDA GIZO KE SAƘAR

Ku tuna da tubalin Mario mai alamar tambaya. Ya koya wa duniya cewa akwati rufaffe alheri ne, a buɗe. A 1985 kyauta ake buɗe shi. Da gem ya koma waya, aka daina sayar da shi ana ba da shi kyauta, sai kuɗin ya koma ciki, akwatin nan ya zama na saye. Ka biya, ba ka san me ke ciki ba, ya girgiza, ya yi haske, ya fashe. A FIFA fakitin kati ne, a Free Fire lu'ulu'u kake saye ka juya. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne a dokar ƙasar, kuma a farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin FIFA na cikin wasa a can.

Ba akwati kaɗai ba. Jan ɗigon da ke maƙale a kusurwar maɓalli, giɓin Tetris ne a wata riga, rai ba ya kwanciya sai an danna shi ya ɓace. Maɓallin “saya” ƙato ne, mai laushin gefe, mai haske, a daidai inda babban yatsa ke hutawa. Na rufewa kuma ɗan mitsitsin x ne a can sama, wani lokaci sai an ƙirga daƙiƙu kafin ya fito. A Disambar 2022 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sanar cewa Epic Games mai Fortnite zai biya dala miliyan 520. Miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutane kuɗinsu ne, bisa zargin an jera maɓallai ta hanya mai rikitarwa yadda danna ɗaya ke cire kuɗi ba da niyya ba. Wato maganar inda aka ajiye maɓalli ta kai gaban hukuma. Kamfanonin caca ma sun koyi yaren. Wasan Aviator da ke cinye kuɗin samarinmu, in ka cire ɗan jirgin, layi ne kawai mai lanƙwasa yana hawa, yana ce wa mutum ƙara jira kaɗan.

TO MENE NE ABIN YI?

Ƙwace waya na da ranarsa, amma yaron da aka ƙwace wa a gida zai ari ta aboki a waje, kuma can ba mai fassara masa. Abin da ya fi shi ne a zauna da shi ko minti goma yana bugawa, a tambaye shi: ya aka yi ka san nan za ka bi? Me ya sa ka guji wancan? Za ku sha mamakin amsarsa, domin karatu yake yi na gaske, irin wanda mai zanen gini da mai tsara hanya ke ci da shi. Daga nan sai a nuna masa ɗaya ɓangaren: wannan akwatin wa ya ajiye shi, me yake so a wurinka, me ya sa wannan maɓallin ya fi wancan girma? Yaron da ya iya amsa wannan ya fi wuyar cuta.

Mu ma da namu aikin. A duba gem ɗin da ke wayar, in akwai akwatin saye ko abin juyawa na sa'a, a san da shi. A cire katin banki daga Play Store, ko a sa lambar sirri kafin kowace sayayya. A fifita gem mai farko da ƙarshe a kan wanda ba ya ƙarewa. Kuma tunda mun san da'irar ba ta tsayawa, a yi yarjejeniya kafin a fara wasa, kar a fara in lokacin sallah ko aike ya kusa, maimakon faɗa a tsakiya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.